Randar Gwaggo Kande

Suleja, ranar Lahadi.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya tsare hanyarka, Ya sauke ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka. Na ce wa innarka kada ta ba ka wannan takarda sai a tasha, ka karanta ta a mota kafin ku wuce Gawu. Kai ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina gare ka, ka san ban saba zama da kai mu yi doguwar magana ba. Abin da baki ya kasa, bari alƙalami ya gwada.

Jiya na ga kana kallon randar da na sa aka naɗe da ciyawa aka ajiye kusa da akwatinka. Ba ka tambaya ba, ni ma ban ce komai ba. Amsar ke nan a hannunka.

Tungar Kanya, garin da aka tura ka aikin duba-gari, ni ma can aka fara tura ni, shekara ashirin da suka wuce, kana goye a bayan innarka. Ban taɓa gaya maka ba. Mutanen garin sun san ni, kuma ba da alheri ba. Ranar da ka faɗi sunan ubanka, ina tsoron ƙofofinsu za su rufe maka kamar yadda suka rufe mini. In suka rufe, kurkunu zai ci gaba da kwantar da su kowace damina, kana zaune a tsakiyarsu da iliminka ba ya amfanar kowa. Wannan ne ya hana ni sakewa tun ranar da takardar aikinka ta zo.

Da na so in yi shiru, in bar ka ka je da farar takardarka. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne ranar Talata, da na ji ka kana yi wa Malam Isa mai garuwa faɗa a ƙofar gida. Ka ce masa, “Wannan ruwan ko jaki ba zai sha ba. Ba ka da ido ne?” Mutumin da ya girme ni. Ya ce maka, “To, likita,” ya ɗauki garuwarsa ya shiga gidan maƙwabta ya sayar musu da ruwan. Gaskiyarka, ruwan ba shi da kyau. Amma an sha shi, sai dai ba a gidanmu ba. Ka san ni da rubuta abin da ya wakana kowace rana. Na ciro tsofaffin kundayena na waccan shekara na duba, sai na ga maganarka a rubuce da hannuna, har da jakin. A bakina ka ji ta, ban san lokacin da na koya maka ba.

Bari in fara da kuskurena na farko.

Mako na biyu da isata na roƙi mai gari ya tara mini jama'a a gindin tsamiya. Na sa kakina mai guga, na rataye babban hoton kurkunu a jikin bishiya, na yi magana fiye da awa ɗaya. Na gaya musu cewa ciwon nan a ruwan tafki yake, akwai wasu ƙananan ƙwari a ciki masu ɗauke da ’ya’yansa, mutum ya sha, sai bayan shekara guda ya fito masa a ƙafa. Na kwatanta musu yadda ƙafa ke ruɓewa, yadda gwiwa ke sandarewa, kamar ba su ne suke gani a gidajensu ba. Na rufe da cewa, “Ku ne kuke shan ciwonku da bakinku.”

Wani dattijo, ƙanin mai gari, ya gyara zama ya ce, “Malam duba-gari, ina da tambaya. Ruwan da na sha bara shi ne zai fito mini a ƙafa bana?”

Na ce, “Ƙwarai.”

Ya ce, “To, tuwon bara fa, a ina ya tsaya?”

Wuri ya kaure da dariya. Na naɗe hotona na tafi. A kundina na ranar na rubuta “jahilci”, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Yanzu da na sake karantawa, tambayar dattijon ta fi jawabina hankali. Mutum yana haɗa wuta da ƙuna domin nan take yake ji. Abin da sai bayan shekara yake nuna kansa, zuciya ba ta haɗa shi da sababinsa, ko ta mai ilimi ce. Su a wurinsu kurkunu jijiya ce da ke cikin jikin kowa, ruwan farko na damina ya tashe ta. Ban san haka ba sai da na kusa barin garin, domin ban taɓa tambaya ba. Ban kuma lura ba cewa abin da ke damunsu ba tsutsar ba ce, kwanciyar da take sa magidanci ne a daidai lokacin huɗa, gonarsa ta cika da ciyawa yana kallo. Da na fara da maganar gona, da sun saurare ni. Sannan maganin da na ba su shi ne su riƙa tafasa ruwa. Maza na gaya wa, waɗanda ba sa ɗebo ruwa, ba sa yo itace. Matan da za su ɗauki wannan nauyi ba ko ɗaya a wurin, kuma da suna nan da sun tambaye ni wa zai yo musu itacen.

Saboda haka, Abba, kafin ka gaya wa mutum abin da ka sani, ka tambaye shi abin da ya sani, kuma ka saurara da gaske, ba sauraron mai jiran a gama ya yi gyara ba. Kada ka tsoratar da mutum sai in kana riƙe da abin da zai iya yi yau, da abin da ke cikin gidansa. Tsoron da ba shi da mafita, mutum dariya yake mai da shi don ya samu ya yi barci.

Kuskure na biyu shi ne babba, shi ne kuma dalilin randar.

A bakin hanyar shiga gari akwai gidan wata mata da kowa ke kira Gwaggo Kande. Mijinta ya rasu shekara biyu kafin zuwana. Tun da ta fita takaba ta kafa babbar randa a ƙofar zaurensu, da moɗa a kai, tana cika ta kowace safiya don masu wucewa su sha, ladan ya kai ga mamacin. Da kanta take ɗebo ruwan daga tafki, sawu uku. Manoma, fatake, Fulani masu tallar nono, kowa ya san randar. Ni ma na sha daga cikinta ranar da na iso, na sauka daga keke maƙogwarona a bushe.

Wata ranar kasuwa ina zagaye da ludayin aiki, na tsoma a randar, na ga ’ya’yan sauro suna wutsil-wutsil. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce a kifar da ruwan. Mutane sun taru suna kallo, har da dattijon nan mai tambayar tuwo, ni kuwa dariyar gindin tsamiya ba ta bar kunnena ba. Gwaggo Kande ta fito tana gyara mayafi ta ce, “Sannu da aiki, ɗan nan. Ko ƙishi kake ji?”

Na ɗaga ludayin sama yadda kowa zai gani na ce, “Wannan kike ba mutane da sunan sadaka? Cuta kike rabawa.”

Ta ce, “Bari in zubar in wanke, yanzun nan.”

Ban bari ba. Na sa hannu na tura randar. Nufina ruwan ya zube kawai, haka na rubuta a kundi, haka kuma na yi ta gaya wa kaina shekara da shekaru. Randar ta gangara ta bugi dutsen da ake zama a kai, ta rabe uku. Ta durƙusa ta tsince moɗar daga cikin taɓo, ta goge ta da bakin zaninta, ta shige gida.

Daga ranar sunana ya koma Mai Randa. Da na doso gari a keke, sai in ji matar gidan farko ta soma lugude, ta gaba ta karɓa, har ƙarshen gari. Na ɗauka daka suke yi. Ashe sanarwa ce. Kafin in jingine keke an kwashe randunan sha an tura ƙarƙashin gado da bayan rumbu, an bar mini guda ɗaya a tsakar gida, wankakkiya, da faifai a kai. Nakan tsoma ludayi in ga ruwa garau, in rubuta. Wata shida rahotona bai nuna ɗan sauro ko ɗaya ba. Aka yaba mini a ofis, aka ce a yi koyi da ni, aka dawo da ni Suleja da ƙarin girma.

A daminar da ta biyo baya kurkunu ya kwantar da kusan kowane gida. Cikin waɗanda ya kama har da Tanko, ɗan Gwaggo Kande, shi kaɗai ne namijin da ke noma mata. Ya fito masa a gwiwa, wurin ya yi ruwa, ƙafar ta sandare. Bayan shekaru na gan shi a kasuwar Madalla yana sayar da igiya, ƙafar a miƙe a gabansa. Ya ce, “Sannu, Mai Randa.” Ba da gatse ya faɗa ba, gaisuwa ce. Na yi kamar ban ji ba, na wuce.

Ba zan ce maka ni na gurgunta Tanko ba, Allah ne Ya san wannan. Sau da yawa na zauna na auna: ko da ban fasa randar ba, ko da ana tace ruwanta, wataƙila da ya sha ruwan tafki a gona. Amma ga abin da na tabbatar. A garin nan duka babu wanda ya damu da ruwan da mutane ke sha kamar matar nan. Ita ce ya kamata ta zama hannun damana. Da na bi ta cikin gida na gaishe ta, na ce, “Gwaggo, randar nan taki kowa na sha, ki taimake ni mu ga yadda za ta fi haka,” da kowane mai wucewa ya ga ƙyallen tace ruwa a bakin randarta, ya kai labari gida. Na samu ƙofa a buɗe, na rufe ta da hannuna don in rama dariya.

Kada ka kunyata mutum a gaban jama'a, ko da gaskiya tana hannunka. Wanda ka kunyata ba ya gyarawa, ɓoyewa yake koya, kuma ya fi ka iya ɓuya domin gidansa ne. In ka ga rahotonka ya yi kyau fiye da ƙafafun mutane, ka yarda da ƙafafun. Kuma duk ranar da ka ji zuciyarka tana cewa “yau sai na nuna musu”, ka mai da ludayinka jaka ka koma masauki. Ba aikin lafiya za ka yi ba a ranar.

Na uku a gidanmu na yi shi, kuma innarka ce ta warware mini.

Bayan mun dawo nan, lokacin Suleja tana amsa tsohon sunanta, na yi shekaru ina yi mata wa'azin tace ruwa safe da yamma, har ta ce mini, “Malam, in ka shigo gida ka riƙa rataye duba-garin a zaure tare da hularka.” Tana tacewa in ina nan, in ba na nan oho. Shekarar da aka yi amai da gudawa, kana firamare ajin ƙarshe, ta ga an fitar da gawa biyu daga unguwarmu, ta kama abin da kanta, ban ce mata komai ba. Amma ba wannan nake so ka riƙe ba, yadda ta yi da maƙwabta nake so ka ji.

Ranar sunan ƙanwarka Hadiza gida ya cika da mata. Ta sa aka kawo ruwa, ta ɗaure farin alawayyo a bakin randa, ta zuba a gabansu tana ta hirarta ta duniya. Da ta gama ta kwance ƙyallen ta shanya a igiya, daidai inda kowa zai gani, da dattin da ya tare a tsakiya. Ina daga ɗaki ina jiran ta yi bayani, har na ƙagu. Ba ta yi ba. Can sai wata ta ce, “Ke, wannan duk daga ruwan ya fito?”

Ta ce, “Daga rijiyar da muke sha ni da ke.”

“Shi ya sa ruwan gidanki ya fi daɗi!”

Innarka ta ce, “Ni dai ba na iya miƙa wa baƙo ruwa ban tace ba, kunya nake ji.”

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ba ta ambaci cuta ba. Kafin wata biyu na fara ganin farin ƙyalle a igiyoyin unguwa. Da aka tashi aurar da ’yar maƙwabcinmu, ta ɗinke bakin ƙyalle biyu da jan zare ta sa a cikin kayan ɗaki, yanzu kuwa ka sani, a unguwarmu ba a kai amarya babu shi. Na yi murna, na ce zan rubuta wa ofis a mai da shi doka, duk gidan da ba shi da ƙyalle a ba shi sammaci. Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce, “Ka yi, ka ga yadda za su mai da shi tsumman goge fitila. Yanzu nasu ne. In ka sa hannu ya zama naka.” Na rubuta takardar duk da haka, ta kwana uku a aljihuna, sannan na yaga. Har yau ban san ko hankali ne ya sa na yaga ba ko tsoron bakinta.

Abin da na koya shi ne mutane ba sa bin wanda ya fi su sani, suna bin wanda ya yi kama da su. Su ga abu da idonsu, su tambaya da bakinsu, ya zama mai sauƙi, ya kuma shiga cikin abin da dama suke yi, kamar suna da biki da karɓar baƙo. Ka nemi irin innarka a Tungar Kanya, akwai ta, kowane gari akwai. In abin ya kama, kada ka ce kai ne. Ka bar musu.

Kada kuma ka ɗauka sani yana isa. Ni da nake koya wa mutane lafiya na yi shekara goma sha biyar ina shan sigari, na san abin da yake yi wa ƙirji sarai. Ba sanin ne ya raba ni da shi ba. Hanyar dawowa daga ofis na sauya, na daina bi ta gaban mai teburin da nake saya, na riƙa sa asuwaki a aljihun da kwalin yake zama. Sau biyu ina komawa kafin in bari. In ka ga wanda ya ji maganarka ya koma gidan jiya, ka tuna ubanka, ka sake masa fuska, ka sake farawa da shi.

Yanzu ga abin da nake roƙonka.

Na tambayi wani mai kawo doya daga wajen, ya ce Gwaggo Kande tana raye, idonta ya yi rauni, Tanko ne ke riƙe da ita. Ya ce tun daga ranar ba ta sake kafa randa a ƙofar zaure ba. Na je wurin masu ginin tukwane na kwatanta musu waccan, girmanta da faɗin bakinta da zanen wuyanta, gwargwadon abin da na iya tunawa. Sau biyu ana ginawa ina cewa ba ita ba ce. Wannan ta ukun ma ban tabbata ba, amma ta yi kusa.

In ka isa, bayan ka gai da mai gari, kafin wani ya gaya musu ko kai wane ne, ka faɗa da bakinka. Ka cire kakin ka sa rigarka ta gida. Ka ɗauki randar da kanka, kada ka ba wani ya ɗaukar maka. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce, “Ni ɗan Mai Randa ne. Babana ya ce in kawo miki wannan, ya ce abin da ya yi bai kyauta ba, yana neman gafara, ke da Tanko.” Kada ka ƙara komai a kai. Kada ka kare ni, kada ka ce ƙa'idar aiki ce. In ta yi faɗa ka saurara har ta gama. In ta ce ka fita da ita, ka fita da ita, haƙƙinta ne.

Na san za ka ce me ya hana ni zuwa da kaina. Na tambayi kaina wannan a kundi fiye da sau ashirin, amsoshin da na rubuta kuwa duk na ƙarya ne: aiki, nisa, damina. Kunya ce da tsoro. Ban ji daɗin ɗora maka kayana ba. In ta karɓa, ka aiko mini, zan zo in durƙusa a inda ka durƙusa. In ba ta karɓa ba ma zan zo, sai dai ka ba ni ɗan lokaci in tattara ƙarfin hali.

Abu na ƙarshe. Innarka ta ɗinka farin ƙyalle mai jan baki, ni kuma da farko na ɗaure shi a bakin randar, na ce a tafi da su tare, ta samu randa ta samu darasi. Da safe na je na kwance shi. Na gane halina ne ya sake dawowa: ban iya ba da haƙuri ba sai na haɗa da wa'azi. Ƙyallen yana cikin akwatinka, ƙarƙashin kakinka. Ka bar shi a can. Ka yi wata guda kana gaisuwa, kana zuwa suna da jana'iza, kana tace ruwan shanka a ƙofar masaukinka inda masu wucewa za su gani, ka shanya naka ƙyallen a igiya. Wata rana wani zai tambaya. In Allah Ya sa ita ce ta tambaya, ko Tanko, to, ka ciro shi.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na baki, naka da na wasu. Allah Ya sa mutanen Tungar Kanya su ga damina suna tsaye a gonakinsu. Innarka da ƙannenka suna yi maka addu'a. In an tsaya a Gawu ka sauka ka duba ciyawar da aka naɗe randar, hanyar gaba tana da gargada, ka riƙe ta da hannunka har ku isa.

Wassalam.

Babanka.